Takalmin Yallaɓai a Jakar Shaida

Shekara huɗu na yi a kanta. Kanta ita ce dogon teburin katako da ke bakin ƙofar ofishinmu na 'yan sanda, inda mai ƙara ke tsayawa ya faɗi abin da aka yi masa, ni kuma in rubuta. Daga kujerar nan na ga yadda ake kashe shari'a tun ba ta isa kotu ba. Na ga wuƙar da aka daɓa wa mutum ta shigo ofis a hannun kurtu, ya miƙa wa kofur, kofur ya gwada kaifinta da babban yatsa, ya miƙa wa na kusa da shi. Kafin ta shiga aljihun tebur mutum shida sun riƙe ta. Na ga an share shagon da aka fasa, an goge shi tas, wai don kada manya su zo su tarar da ƙazanta. In na yi magana sai a ce, "To, Farfesa ta fara lacca." Sunan da suka laƙaba mini ke nan, saboda na yi karatun kimiyya kafin in sa kaki, kuma bakina ba ya iya shiru.

Ran nan aka manna takarda a allon sanarwa. Ɗakin gwaje-gwaje na babban ofis zai ɗauki mutum ɗaya daga wajenmu, a koya masa kimiyyar binciken laifi na wata shida. Gurbi ɗaya tak. Mu goma sha ɗaya muka rubuta suna, aka sa jarrabawa ranar Talata da safe. Wanda ya ci zai tafi, sauran kowa ya koma kujerarsa. Tawa kuwa na san ta, har inda ƙusa ke kama mini siket na sani.

Da safiyar Talata ina tsaye a kicin ina shan shayi, Inna na zaune a kan kujerar roba da katunan tambayoyin da na rubuta, tana nesanta su da idonta don ta gani.

"Idan an tsinci riga jiƙe da jini, a cikin me za a saka ta?" Ta ajiye katin a cinya. "Auta, wannan wace irin tambaya ce mutum na karyawa?"

"A leda mana," in ji Kawu daga bakin ƙofa. Ƙanen Inna ne, kuma saje ne a ofishinmu, shekararsa ashirin da bakwai a aiki. Ya zo ya ɗauke ni a babur ɗinsa.

"Kawu, ka faɗi warwas. Leda na riƙe danshi, jinin ya ruɓe, shaida ta lalace. A bari rigar ta bushe a inuwa, sannan a sa ta a jakar takarda."

"Ji mini yarinya. Tun kina rarrafe nake sa riga a leda."

"Ɓarayi nawa ka sallama da ledar?"

Inna ta kai mini duka da katunan. "Kawun naki kike faɗa wa haka?"

Kawu ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ƙyale ta, Yaya. Yau za ta gamu da wadda ta fi ta baki. Ke, hau mu tafi, kin sa man babur ɗina yana ƙonewa a banza."

A ɗakin taro aka jera mu, kujeru goma sha ɗaya suna fuskantar tebur ɗaya. Mai jarrabawar wata gajeriyar mata ce daga ɗakin gwaje-gwaje, tabarau rataye a wuyanta da igiya, agogon gudu a hannunta. Dakta ake ce mata. Ba ta ɓata lokaci wajen gaisuwa ba. Ta ce tambayoyi ashirin ne na ilimin gama-gari, kowa ya rubuta amsa a ɗan allonsa ya ɗaga, daƙiƙa goma sha biyar kowace tambaya.

Dogo ne a gefena, kofur kamar ni, wanda in ya zauna gwiwoyinsa na taɓa ƙasan tebur. Ya raɗa mini, "Farfesa, in kin ga na yi tari sau biyu, ki karkato allonki."

"In ka yi tari sau biyu zan ce a kai ka asibiti."

Dakta ta danna agogo. "Tagwaye masu kama ɗaya, zanen yatsunsu ɗaya ne?"

Alli ya yi ta ƙara. A'a, na rubuta, na ɗaga tun kafin ta rufe baki. Mutum huɗu sun rubuta e.

"Ɗigon jini a ƙasa, mai siririyar wutsiya. Wutsiyar ina take nunawa?"

Inda jinin ya nufa. Daɗi nake ji. Shekara huɗu ba wanda ya taɓa tambayata abin da na sani.

"An tarar da bindiga a ƙasa. Yaya za a ɗauke ta?"

Wani kurtu ya ɗaga allo da fara'a: a zura biro a bakinta a ɗaga. Dakta ta sa tabarau ta karanta, ta cire.

"A ina ka koyi wannan?"

"A talabijin, ranki ya daɗe."

"To ka koma can su ba ka gurbin."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Tambayoyi suka ci gaba da zubowa. Gawa daga ina take fara sandarewa? Muƙamuƙi da wuya. Me ya sa ake ajiye ruwula a gefen abu kafin a ɗauki hotonsa? Don a san girmansa. Kwanson harsashi da me ake ɗaukarsa? Da yatsu cikin safar hannu, ta gefe, ba da ƙarfe mai karce shi ba. Na ci goma sha tara a jere, har na fara jin kaina yana girma.

"Ta ƙarshe. Kun iso inda aka aikata laifi. Mene ne abu na farko?"

A killace wurin, na rubuta da manyan haruffa, na ɗaga sama. Dakta ta bi allunan da ido, ta tsaya a kan na Dogo. Ya rubuta: a duba ko akwai mai sauran numfashi.

"Shi ne daidai," ta ce. Ta dube ni. "Shaida ba ta fi rai ba, Kofur. Kin yi sauri."

Kunya ta rufe ni, don gaskiya ta faɗa. Da aka haɗa maki, ni da Dogo muka yi kunnen doki, goma sha tara kowannenmu. Sauran tara aka sallame su.

"Ashe Farfesa na faɗuwa," in ji Dogo, yana karkaɗe alli daga hannunsa.

"Yi shiru. Saura aiki da hannu."

Dakta ta kai mu tsohon sito da ke bayan ofis. Tun da asuba ta shirya shi kamar wurin da aka fasa aka yi faɗa. Ta ba mu safar hannu, rigunan takalmi na leda, tocila, kyamara ɗaya, jakunkunan takarda, akwatin kayan aiki mai ruwula da hodar ɗaukar zane, da littafin rajistar masu shiga da fita. Minti talatin. Za mu yi aiki tare, ita kuma ta tsaya daga waje tana rubutu, wanda ya fi shi ne zai tafi.

Muka ɗaura igiyar shinge mai ruwan ɗorawa daga ƙarfen taga zuwa sandar ƙofa. Na rubuta sunayenmu da lokaci a rajista. Sannan muka shiga ta jikin bango, ba ta tsakiya ba.

Wayyo, sai ka ce an buɗe mini littafi. Kujera a kife. Kofin shayi a kan akwati, da alamar leɓe a bakinsa. Ɗige-ɗigen jini, wanda Dakta ta samo daga mahauta, suna tafiya daga akwatin zuwa ƙofa, wutsiyoyinsu duk sun nufi waje. Tagar baya a fashe.

"Ta taga ɓarawon ya shigo," in ji Dogo, yana ɗaukar hoto.

"Leƙa ka gani. Ina gilashin yake?"

Ya leƙa. A cikin ɗakin 'yan ɓarɓashi ne kawai, tarin gilashin yana waje a kan siminti.

"Kai! Daga ciki aka fasa ta!"

"Wanda ya yi aikin da mabuɗi ya shigo, ya fasa taga don a ce baƙo ne."

Muka kalli juna muna murmushi kamar yaran da suka tsinci abu, mun ma manta gurbi ɗaya muke nema. Na tsuguna, na kwantar da tocila dab da ƙasa yadda haskenta zai bi ta gefe. Ƙura ta nuna abin da ke cikinta. Taku ɗaya daga bakin ƙofa, ga sawun takalmi nan cikakke, da zanensa mai kama da ƙashin kifi, har da wata tsaga a dunduniya.

"Dogo, kawo kyamara! Kawo ruwula! Maza!"

Bai kai ga juyowa ba muka ji takun mutane da muryoyi. Yallaɓai ne, shugaban ofishinmu, tafe da baƙi uku daga babban ofis, maza biyu da mace, yana nuna musu gine-gine. Kawu na biye da su, riƙe da fayil. Na ji Yallaɓai yana cewa, "Ga ma wani horo da na shirya wa yarana, ku zo ku gani da idonku."

Abin da ya faru bai ɗauki daƙiƙa uku ba. Dogo ya miƙe zumbur, ya fizge safar hannunsa ta dama, don ba a sara wa babba da hannu a rufe, ya ƙame. Da hannun hagu kuma ya ɗaga igiyar shinge sama, kamar mai buɗe labule. Haka aka koya mana tun ranar farko. Babba ba ya jira a bakin ƙofa.

Yallaɓai ya sunkuya, ya jefo ƙafar dama.

"Tsaya!"

Ni kaina ban san muryata na da wannan ƙarfin ba. Sito ya amsa. Yallaɓai ya daskare, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje. Baƙar ƙafar takalminsa mai sheƙi ta sauka a kan rabin sawun.

Dakta ta daina rubutu.

"Da wa kike?" in ji Yallaɓai a hankali.

"Da kai, ranka ya daɗe. Kada ka motsa. In ka murza ƙafar, sauran rabin ma ya tafi."

"Kin san wanda kike yi wa tsawa?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Sunanka ba ya cikin rajista, ba ka da rigar takalmi, kuma kana tsaye a kan shaida."

Kawu ya matso ta bayan baƙin, fuskarsa ta yi fari fat. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji. "Auta. Auta, don girman Allah. Wasa ne fa ake yi, jinin saniya ne. Ko kin ci jarrabawar, wa zai sa hannu a takardar sakinki in ba shi ba?"

Ban yi wannan tunanin ba. Ko Dakta ta ba ni maki ɗari, ba zan bar ofishin nan ba sai da sa hannun mutumin da na tsayar da ƙafa ɗaya a gaban baƙinsa. Na hango kanta, da ƙusar kujera, da wasu shekaru huɗu. In na ce "Yi haƙuri, Yallaɓai, bismilla," komai zai wuce, a yi dariya, ya zagaya ɗakin ya ɗaga kofin shayi ya nuna wa baƙi. Haka ake yi kullum. Abin da ke ƙona mini rai ke nan: ba mugunta ce ke lalata mana shaida ba, ladabi ne. Wanda bai iya tsayar da babba a kan jinin saniya ba, ranar da jinin mutum ne ma igiya zai ɗaga masa.

"Saje," na ce wa Kawu, don a bakin aiki muke, "ka koma bayan igiya."

Ya koma.

Na juya ga Yallaɓai. Bakina ya riga ya kama hanya. "Ranka ya daɗe, ka dafa kafaɗar Kofur. Zan kwance igiyar takalmin, ka zare ƙafarka sama a miƙe, ka bar takalmin inda yake."

"In bar me?"

"Takalmin. Yanzu sawu biyu ne a wuri ɗaya, naka da na wanda muke nema. Sai na ɗauki zanen naka kafin a iya raba su. In ba haka ba, duk wanda ya duba hoton zai ce kai ma kana cikin ɗakin lokacin da aka yi abin."

Baƙuwar nan ta rufe baki da hannu. Ɗaya daga cikin mazan ya gyara tsayuwa, ya ce, "Af, ashe haka ake yi? Wannan abin sha'awa ne. Bari mu gani."

Yallaɓai ya dubi baƙin, ya dubi Dakta, ya dube ni. Jijiyar goshinsa ta tashi. Na ga lissafin da yake yi a fuskarsa. Sai kawai ya fashe da dariya, irin wadda ba ta kai ido ba.

"Kun gani ko?" ya ce wa baƙin. "Kun ga irin yaran da nake horarwa? Da gangan na taka. Gwada su nake in ga wa zai tsayar da ni."

Wallahi saura ƙiris in ce ƙarya ne. Maganar ta zo har bakina. Kawu ya zaro mini ido daga bayan igiya, irin zarowar da Inna ke yi, na haɗiye ta da ƙyar. Na tsuguna na kwance igiyar takalmin. Yallaɓai ya dafa Dogo, wanda har yanzu hannunsa na dama ke ƙame a goshi, ya zare ƙafa. Safarsa ruwan toka ce, ta huje a babban yatsa. Kowa ya ga hujin, kowa ya ɗauke kai.

Kawu ya ruga ya kawo kujera. Ni kuma na karɓi kyamara daga wuyan Dogo, na ajiye ruwula, na ɗauki hoton takalmin a inda yake, ta sama da ta gefe. Na ɗaga shi a miƙe da hannu biyu. Rabin sawun na nan lafiya, har da tsagar dunduniya. Na ɗauki hotonsa sau huɗu da hasken tocila. Sannan na sa takalmin a jakar takarda, na rubuta lokaci da wuri da sunan mai shi, na shigar da shi rajista.

"Minti talatin sun cika," in ji Dakta.

Ta shigo tsakanin baƙin da takardunta. Ba ta yi murmushi ba, amma idonta na dariya.

"Dogo, ka yi aiki mai kyau, kuma kai kaɗai ka ci tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Amma ka cire safar hannu a cikin shinge, ka ɗaga igiya ga wanda ba ya cikin rajista."

"Yallaɓai ne fa, ranki ya daɗe," in ji Dogo kamar zai yi kuka.

"Ƙura ba ta san muƙami ba." Ta juya. "Yallaɓai, tunda kai ka shirya wannan gwajin na ƙarshe, ka ga sakamakonsa da idonka. Gurbin na wannan kofur ɗin ne. Ga takardar sakinta, nan ne wajen sa hannunka. Gara a gama a gaban baƙi, su zama shaida."

Ta miƙa masa takardar a kan fayil, da biro a buɗe.

Yana zaune a kan kujera, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya ya ɓoye ta a bayan ɗayar. Ya dubi takardar ya daɗe. Baƙin uku sun zuba masa ido suna jira, baƙuwar har ta ɗaga wayarta za ta ɗauki hoto. In ya ƙi, ya ƙaryata kansa.

Biro ya sauka. Ya ja dogon sa hannunsa mai lanƙwasa, ya ɗiga aya da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa.

Ban san lokacin da na daka tsalle ba. Dogo ya kama hannuna yana girgizawa, yana cewa, "Shegiya Farfesa, kin tafi, kin bar ni da kanta!" Kawu ya juya baya yana goge ido da hula, yana faɗin ƙura ce ta shige masa.

Yallaɓai ya miƙo hannu. "To, Kofur. Takalmina."

"Minti biyar, ranka ya daɗe. Ban ɗauki zanen ba tukuna."

Na shimfiɗa farar takarda a kan akwatin kayan aiki a waje da shinge, na shafa wa ƙasan takalmin baƙar hoda da buroshi, na danna shi daga dunduniya zuwa yatsu. Zanen ya fito raɗau, layi-layi a tsaye, ba ruwansa da ƙashin kifi. Baƙin suka sunkuyo suna kwatanta shi da hoton da ke cikin kyamara, suna nuna wa juna inda sawu ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Na goge takalmin da tsumma, na kai masa da hannu biyu, tare da littafin rajista a buɗe.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Kaya ya fita daga jakar shaida, ranka ya daɗe. Mai karɓa sai ya sa hannu."

Ya dube ni, ya dubi Kawu. "Saje, 'yar yayarka ce wannan?"

"Ita ce, Yallaɓai. Haka muke fama a gida."

Ya karɓi biro ya sa hannu karo na biyu, sannan ya sunkuya yana ɗaura igiyar takalminsa.